Robar da Edith Ta Sa wa Taransifoma

Edith ta gaji shagon gyaran rediyo na mahaifinta a unguwar Nasarawa. Da amfilifayar cocinsu da ke Unguwar Boro ta fara gurnani tana zafi, dattawan coci suka kira ta.

Tana buɗewa ta ga matsalar. Dogon notin da ya riƙe taransifoma yana taɓa ƙarfen akwatin sama da ƙasa, wuta na zagayawa ta cikinsa a banza. Ta yanko roba ta raba notin da ƙarfen. Gurnanin ya ɗauke.

"Wanda ya ɗaura wannan bai san aikin ba," ta ce tana goge hannu.

Ba ta san Harrison ne ya ɗaura ba, mai kula da kayan sautin cocin shekara goma sha biyu. Yana tsaye a bayanta. Dattawa suka yi dariya, shi ma ya yi.

Ranar Lahadin godiya, zumuntar mata na tsakiyar waƙa, lasifika ta yi shiru, hayaƙi ya turnuƙe gaban bagadi. Harrison ya daka tsalle ya zare waya.

"Na faɗa muku kada a ba yarinyar nan!" ya ce da ƙarfi. "Saura kaɗan ta ƙona mu!"

Bayan sujada Edith ta kwance murfin amfilifayar. Babu robar. An cire ta, an ƙara tamke notin.

"Baba Harrison, kai ka cire."

"Wace roba?" Ya dubi dattawan. "Akwai wanda ya ga roba?"

Dattawa ukun da suka ga ta sa robar da idonsu suka sunkuyar da kai. Matar babbansu ƙanwar Harrison ce.

Kafin Laraba labari ya kai har unguwar Kakuri. Mutane suka riƙa zuwa shagon Edith ɗaukar kayansu, wasu ma ba a gama gyarawa ba.

Mahaifiyarta, Mama Rhoda, ta daina zama a bencin gaba a coci. Ranar Asabar ta ja Edith har gidan Harrison.

"Durƙusa," ta ce. "A cocin nan za a yi jana'izata."

Edith ta durƙusa a kan siminti, ta ba shi haƙuri. Harrison yana cin doya, bai ɗago ba sai da ya suɗe yatsunsa.

"Ban ji ba, 'yata. Ɗaga murya."

Ta sake faɗa. Ya kira matarsa daga kicin don ita ma ta ji.