Ɗaki na Uku

Halliru yana kan tsani yana huda bangon ɗaki na biyu sa'ad da Inna Saude ta sake jefo masa tambayar da yake kauce wa tun safe.

"To shi abokin naka, yaushe yac ce shina tahowa?"

Ya yi kamar ƙarar injin huda bangon ce ta toshe masa kunne. Ya ci gaba da dannawa har bakin ƙarfen ya ɓulla waje, garin siminti ya zubo masa a gira. Amma rami in ya ɓulle ya ɓulle, dole ya kashe injin. Gidan ya yi tsit, ga tsohuwa zaune a tabarma ƙarƙashin rumfa, mafici a hannu, tana jira.

"Aiki ya riƙe shi, Inna. Kin san Agadas da zahi, kowa esi shika nema."

"Hakanan yayan nashi yac ce," in ji ta. Ba ta kama sunan Alhassan, ɗan fari ne.

Ƙarya ce tsagwaronta, kuma Halliru ya ji haushin kansa ganin harshensa bai ko sarƙe ba. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Ɗan'auta. Sanƙarau ne ya kwantar da shi a Agadas, kwana uku kacal ya yi. Ranar da aka bugo wa Alhassan waya, Inna tana kwance a wani asibiti a Isa, hawan jini ya kusa tafiya da ita, likita kuma ya ja kunne kada a kuskura a tayar mata da hankali. Sai aka rufe maganar, aka bi maƙwabta gida gida ana roƙonsu su riƙe gaisuwarsu tukuna. Yanzu kwananta huɗu da dawowa nan Sabon Birni, abin ba zai ƙara ɓoyuwa ba. Irin wannan labari kuwa ba yaro ke kai wa uwa ba, sai babba. An aika wa Wakili, yayanta da ke Kurawa, ya ce zai iso bayan la'asar.

Shekaranjiya kuma wata motar kaya ta sauke kwalaye huɗu na esi, na'urar sanyaya ɗaki, a ƙofar gida. Ɗan'auta ne ya saya tun yana da lafiya, da niyyar ya zo ya haɗa wa uwarsa da hannunsa. Abokan aikinsa suka ga ba su da ikon riƙe kayan mamaci, suka ɗora wa direba. Shi ya sa Alhassan ya kira Halliru daga Isa.

"Ina son ɗakinta shi yi sanyi kahin Wakili shi iso," ya ce masa a waya. "Abin da za ta ji, ga kuma wanga zahi, ina tsoron jikinta."

To wa zai kira in ba Halliru ba? Tare suka koyi aikin a Sakkwato, shekara biyar suna kwana a shago ɗaya, suna sa hannu a kwano ɗaya. Tare suka dawo gida. Sai damina ta yi gardama shekara biyu a jere, gero ya ƙone a tsaye, wanda ba shi da na tuwo kuwa ina shi ina gyaran firji. Halliru ya lallaɓa a Isa da ɗan abin da ke shigowa. Ɗan'auta ya ce shi ba zai zauna yana kallon rumbun Inna wayam ba, ya bi 'yan Maradi ya yi arewa. Bana ma ga shi an yi shukar binne har sau biyu, iri ya soye a ƙasa, gulbi ya koma yashi, sama kuwa fes kamar kwanon da aka wanke.

Esin ba irin wanda aka saba ba ne, na kowane ɗaki da injinsa. Injin waje ɗaya ne, ƙato, shi zai ja kawuna uku da za a kafa a cikin ɗakuna, kowane kai da bututunsa biyu na jan ƙarfe da wayarsa. Wuta kuwa daga faifan solar da Ɗan'auta ya turo bara aka jera a saman kwano. Aikin yana son natsuwa, don in ka kai bututun wannan ɗaki bakin wancan, mai ɗaki zai kunna nasa sanyi ya tafi wa maƙwabcinsa. Ɗan'auta bai bar wa kowa wannan ciwon kan ba. A jikin kwalaye uku ya rubuta da baƙin alƙalami: Inna, Yaya, Nawa. Har bututun ya yanka ya naɗe, kowane ɗaki da tsawonsa, tun daga can Agadas, da ka kawai. Da Halliru ya warware na ɗakin Inna ya ja shi zuwa bayan ɗakuna inda injin zai zauna, sai ya isa cif, ko taƙi ɗaya bai ragu ba. Sai da ya tsaya ya goge fuska da hannun riga.

Da hantsi ya take, Alhassan ya ja shi gefen randa yana magana ƙasa-ƙasa.

"Biyu za ka sa. Na ukun ka toshe bakinshi, mu mai da kwalin sito. Wallahi ban iya buɗe ɗakin can."

Ashe kunnen tsohuwa bai tsufa ba.

"Uku niƙ ƙirga ban da babban, ranar da anka sauke," ta ce daga rumfa. "Wane na za a mai da sito?"

Halliru ya yi ta maza. "Inna, in an bar su biyu sanyin sai shi ishe ku sosai. In uku, rabawa za a yi."

"Shi da yas sayo ukun bai san da rabon ba? Yaro shi taho daga uwa duniya shi iske ɗakin kowa da sanyi, nashi awa tanda? Ba a gidana ba. A sa mashi."

Alhassan ya dubi ƙasa. Ya ce, "A sa," ya fice zaure da sauri.

Makullin ɗakin a haɓar zanenta yake ɗaure. Ita ta kwance ta miƙo. Ɗakin a share yake tas, zanen gado a miƙe, ga takalman ƙwallonsa a jere a gindin bango. Halliru ya kafa tsani ya huda bango, ya ɗaura kan esin, ya ja bututun da ya fi kowanne tsawo. Shi ma ya isa cif. Kaico, Ɗan'auta da iya lissafi.

Bayan azahar ne aikin ya cije. Kafin a saki gas sai an zuƙe iskar da ke cikin bututun duka uku, a tabbatar babu inda ke yoyo, kuma ba a yin haka sai da geji, agogon nan mai fuska biyu da tiyo. Halliru ya ɗauko nasa ya gwada, ya ƙi shiga. Bakin sabon injin ya fi na gejinsa faɗi. Ya juya shi, ya lallaɓa, ya zage shi a zuci, ina. In kuwa ya ce zai hau babur zuwa Isa ya aro wani ya dawo, kafin nan Wakili ya zo har ya gama abin da ya kawo shi.

Da Alhassan ya ji matsalar, sai ya ce, "Akwai wata jaka da tat taho da motar. Na ɓoye ta bayan buhuna. Ban buɗe ba."

Jakar kayan aikin Ɗan'auta ce. Halliru ya durƙusa a cikin sito ya zuge ta, warin man inji da sabulun da abokinsa ke wanka da shi suka bugi hancinsa. Sifanoni a naɗe cikin tsohuwar singileti, kowanne a gurbinsa. Gejin yana ƙasa, an sauya masa tiyo irin na sabon yayi. Ya ɗauka ya fita da shi. Nan ya yi wautar da har gobe ba zai yafe wa kansa ba. A maratayar gejin akwai wani ɗan ƙyallen saƙi baƙi da aka kitsa aka ƙulle. Halliru ya san shi sarai, ya gan shi ya fi sau dubu, har idonsa ya daina ganinsa. Ya rataya gejin a jikin injin, a fili, ya kunna famfon zuƙe iska.

Ya ɗauka Inna ta shiga ciki ta kishingiɗa. Sai ya ji takun silifa a bayansa. Ita ce, da kwanon fura a hannu.

"Tun sahe ba ka sa komi ga bakinka ba," ta ce. Sai ta tsaya. Ta daɗe tsaye, idonta a kan gejin. "Mi agogon ga ka cewa?"

"In allurar ta tsaya wuri guda, babu yoyo ke nan, Inna."

"To, Allah shi sa ta tsaya."

Ta ajiye furar a kan bulo, ta juya tana dafa bango. Sai a lokacin idon Halliru ya faɗa kan ƙyallen. Ya fizge shi ya cusa a aljihu, kamar hakan zai yi wani amfani. Ya riƙa gaya wa kansa idon tsohuwa ne, ga hasken rana, ba lallai ta lura ba. Furar ko taɓa ta bai yi ba.

Allurar ta tsaya. Ya saki gas layi bayan layi, ya duba wayoyi sau biyu, ya kunna. Ana kiran la'asar kawuna uku suka buɗe baki tare, injin waje ya ɗauka da gurnani a hankali. Ɗakin Inna ya yi sanyi, na Alhassan ya yi, na ukun ma ya yi. Alhassan ya leƙa na Inna kawai ya ce madalla, ya tafi masallaci, daga can ya zauna a zaure yana jiran Wakili.

Halliru yana naɗe wayoyi ya ji ta kira shi. Ba daga ɗakinta muryar ta fito ba. Ya same ta zaune a bakin gadon Ɗan'auta, iska mai sanyi tana kaɗa gefen mayafinta.

"Turo ƙyauren, ka zauna."

Ya turo, ya durƙusa a ƙasa.

"Ranar da anka yaye ku wajen aiki, tunkiyata nis sai da nis saya mashi agogon can. Ni niɗ ɗaura mashi bakin zanena don kada shi ɓace cikin na mutane. Ko kai da kuka ci kwano guda, bai taɓa barin ka kwana da shi ba. Ƙarya nikai?"

"Gaskiya ta, Inna."

"Mai sana'a ba shi aiko da kayan aikinshi gida, shi zauna can hannu biyu."

Halliru ya laluba ƙarya a duk inda ya san yana ajiye ta, bai samu ko ɗaya ba. Hawaye suka riga shi magana. Tsoro ne ya cika shi, yana kallon ƙirjinta.

"Ban tambaye ka komi ba, kai ma ba ka hwaɗa min komi ba," ta ce. "Abu guda nika so in ji. An samu mutane sunka yi mashi salla?"

"An samu, Inna. Sahu huɗu, anka ce. Maigidanshi da 'yan garinmu da ke can, su sunka yi mashi sutura."

Ta gyaɗa kai a hankali. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ta maimaita har sau uku, muryar tana ƙara ƙanƙancewa. Hawaye suka biyo tamojin fuskarta, ba ta share ba.

"Bari in kira Yaya," in ji Halliru, ya yunƙura.

"Zauna."

Daga waje aka ji tsayuwar babur, sai sallamar tsoho a zaure, sai muryar Alhassan yana yi masa sannu da hanya.

Inna ta saurara. "Wakili na," ta ce. "Ashe abin da yas sa anka share zaure ke nan." Ta ja gefen mayafi ta goge fuska sosai, ido ɗaya bayan ɗaya. "Tsoho ya taho tun daga Kurawa cikin wagga rana, shina ta shirya yadda za shi hwaɗa min. Shi kuma yayan nashi, kwana nawa shina ɗauke da abin ga, ya rame awa kara, shina tsammanin ya tsare ni. Ka bar su su hwaɗi abinsu. Kada ka ce masu na sani, ko bayan raina."

"Inna..."

"Kama ni in koma ɗakina. Can za su neme ni."

Ya kama hannunta. Ba nauyi gare ta ba ko kaɗan. Ya kai ta ta zauna a gadonta, ta gyara ɗaurin kallabi, ta ɗauki carbi. Ya mayar mata da makullin ɗaki na uku, ta ƙulle shi a haɓar zane.

A tsakar gida ya yi kiciɓis da su. Wakili yana tafe da sanda, farar rigarsa ta yi ja da ƙasar hanya, leɓunansa suna motsi. Halliru ya rusuna ya gaishe shi. Alhassan ya riƙo hannun rigar Halliru, ya sunkuyo daidai kunnensa.

"Kai ka wuni da ita. Ba ta gane komi ba ko?"

Halliru ya dubi labulen ɗakin Inna da sanyi ke ɗan motsawa.

"Ba ta gane ba," ya ce.

Alhassan ya sauke ajiyar zuciya, ya ce alhamdu lillahi. Sannan ya wuce gaba ya ɗaga wa Wakili labule.