Abin da Riga-kafin Ya Share

Shekara huɗu mijina Malam bai yi magana da baki ba. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kama shi harshen ya ƙi, hannun dama ya ƙi, yatsu biyu na hagu kawai suka rage masa. Wani tsohon ɗalibinsa ya haɗa masa 'yar manhaja a kwamfutar ɗakinsa: duk harafin da ya danna sai ya fito ƙato a allo, in karanta daga bakin ƙofa ba tare da na nemi tabarau ba. Kuma tana adana komai, kowace rana da kwanan watanta. Da ita muke hira, da ita muke faɗa.

Safiyar da ya rasu ya daɗe yana dannawa. Ina kicin, ina jin ƙas, ƙas, ƙas. Na ɗaga murya na ce ina zuwa. Da na zo, ba ta karatu ake yi ba. Cikin waɗanda suka zo ɗaukarsa wani ya zare wayar kwamfutar daga bango don a sami hanya.

Mijin Auta, wanda muke kira Injiniya, mutumin kirki ne amma bai iya zaman makoki ba, sai hannunsa ya sami abin gyarawa. Ya gyara famfo, ya canja ƙwan fitila, kwana na biyar ya leƙa ɗakin Malam.

"Mama, kwamfutar nan shekara huɗu ba a sabunta ta ba. Ko riga-kafin bairos babu. In sa mata?"

"To," na ce.

A kwanakin nan ko cewa aka yi za a cire rufin gidan, to zan ce. Shekara talatin da ɗaya na yi a ɗakin gwaje-gwajen asibiti, ba na cikin masu gudun riga-kafi. Amma na san ana tambayar mutum abin da ke jikinsa kafin a soka masa allura. Bai tambaya ba, ni ma ban faɗa ba.

Sai bayan wata biyu na iya zama a kujerar. Na kunna allon, don ita kwamfutar a kunne Injiniya ya bar ta. Allon ya sake kama, tas da shi, da ɗan hoton garkuwa kore a gefe yana cewa komai lafiya. Manhajar Malam babu ita.

Injiniya ya zo da Auta bayan azahar. Ya zauna ya yi ta dannawa, ni ina tsaye ina kallon ƙeyarsa. Na ga zufa ta fara tsattsafo masa.

"Mama, akwai irin bairos da ke rubuta duk abin da mutum ya danna, don a saci lambobin sirrinsa. Ita manhajar Baba aikinta ke nan, rubuta abin da aka danna. Riga-kafin ya ɗauka irinsu ce. Ya killace ta, har da fayil ɗin da take adanawa."

"To, fito da ita daga killacewar."

Bai juyo ba. "Kwana talatin yake riƙe abu, in ba wanda ya ce a sake shi sai ya share. Ya turo sanarwa sau uku."

"Ya turo wa wa?"

Auta ta dafa ni. "Mama, zauna."

"Ba jiri nake ji ba. Tambaya na yi."

"Nan allon ya turo," in ji shi.

"Allon da ke kashe."

"E, Mama."

Na jira in ji haushi. Bai zo ba. Abin da na lura da shi kawai shi ne maɓallin rigarsa na baya ya kusa tsinkewa.

Ya tafi da kwamfutar wurin aikinsu. Ɗalibin da ya haɗa manhajar ya ce yana da ita, zai turo ko yau, amma maganganun ba su taɓa barin ɗakin nan ba. Bayan mako guda Injiniya ya dawo da takardu goma sha ɗaya a hannu, ya durƙusa har ƙasa ya miƙo mini. Sabuntawar ta hau kan sauran, ya ce. Wannan ne ya iya tonowa.

"Na ranar ƙarshe fa?"

Ya girgiza kai.

"Tashi, Injiniya, gwiwar wandonka. Ba ka kashe kowa ba."

"Mama, in cire riga-kafin?"

"Bar shi. Abin da aka ɗauke shi yi ya yi. Ku je, an kusa tashin yara daga makaranta."

Da suka fita na sa tabarau. Na shekara ta biyu da kwanciyarsa ne, 'yan makonni a tsakiyarta, wasu layukan rabinsu alamomi ne marasa ma'ana. Ruwa. Kashe fanka. Ruwa. Juya ni. Wa ya zo ɗazu. Ba wannan maganin ba. A shafi na bakwai: gishiri ya yi yawa. Ƙasa da shi, duk a rana ɗaya: ban ce ki ɗauke ba.

Na tuna kwanon. Na karanta har shafi na goma sha ɗaya, sannan na nemi abin matse takarda na haɗe su, don ta huɗu ta fara lanƙwashewa.