Matakala Arba'in da Biyu

Shekara ashirin da shida ina tura amalanke a shagon gilashi, ko madubin aski ban taɓa fasawa ba. Sai surukin mai gida ya zama manaja. Satinsa na farko ya ɗaure min waya a hannun amalanke da igiyar roba.

"Baba, wayar ta ce tafiyar jiya ta minti sha ɗaya ce, kai ka yi arba'in."

Na ce, "Sha ɗayan wa? Na mai mota?"

Ya latsa, hoton mota ya koma ɗan mutum mai tafiya. "To ga na ƙafa. Shuɗin layin nan za ka riƙa bi, ina ganinka daga ofis. Ka kauce masa, ka ajiye amalanken."

Washegari aka ɗora min gilashin ƙofa shida na wani sabon kantin magani, can ƙetaren babban titi. Na ce, "Manaja, raka ni yau, idona ba ya ganin layin." Ƙarya nake, zare ma da kaina nake sa wa allura.

Muka tashi. Wata mata a cikin wayar ta ce dama, na yi dama. Ta ce miƙe, na miƙe. Muka wuce bakin lungun kafintoci, hanyata ta kullum. Mai walda ya ɗaga tabarau.

"Mai Gilashi, ɓata ka yi?"

"Sabuwar uwar ɗaki na yi, ita ke ja na!"

Layin ya kai mu gindin gadar ƙafa. Matakala arba'in da biyu, na san su, ranar hutu nakan hau. Matar ta ce a haye. Na sa wa taya dutse, na zauna a matakalar farko.

"Bismillah, Manaja. Kai za ka kama gaba ko ni?"

Ya dubi gilashin, ya dubi sama. Ya mayar da hoton mota, sai matar ta ce mu shiga babban titi, inda tireloli ke wucewa kamar an koro su, ga allon hana amalanke a tsaye. Wayar aljihunsa ta yi ƙara. Mai kantin magani ne, wai masu sa ƙofa sun gaji da jira, za su tafi.

"Baba, to yaya za a yi?"

"Tambaye ta. Ai ta fi ni karatu."

"Baba, don Allah."

"Ɗana, matar nan ta san mai mota, ta san mai tafiya yana kaɗa hannu. Wanda ke tura kaya ba ta taɓa jin labarinsa ba. In da ita za ka yi aiki, ga amalanke, ga gilashinku, ni na san hanyar gida. In da ni ne, kwance ta."

Ya daɗe yana fama da ƙullin robar, don shi ya ɗaure ta tamau. Ban taya shi ba.

Muka juya, muka shiga lungun kafintoci, muka bi ta kwalbatin layin dogo da ya ratsa har ƙarƙashin babban titin, wurin da wayarsa ke nuna fili fetal babu hanya. A ƙetare akwai ɗan hawa. Na tsaya.

"Cire agogon nan, Manaja. Sa kafaɗa."

Ya sa.