Yankin da Ya Yi Fari

Bayan azahar ofishin kan yi tsit, fanka na juyawa kamar an sa ta dole, Auta kuma tana gaban kwamfuta tana shafa wa taswira launi. Aikinta ke nan tun da annobar ta shigo: yankuna bakwai su aiko da adadin waɗanda suka kamu, ita ta zuba, na'ura ta rina. Inda cutar ta yi ƙamari ya yi ja wur, inda ta lafa ya koɗe.

Yanki na bakwai kuwa fari fat, yau kwana tara.

Shugaban sashen ya tsaya a bayanta, baki har kunne. "Kin gani ko? Su suka fara rufe kasuwa, su suka fara sa takunkumi. Gobe da su zan buɗe taro, sauran su ji kunya."

Auta ta ce to. Shi dai shugaba launi yake karantawa, bai taɓa leƙa jadawali ba. Na'urar ba ta bambanta sifili da gurbin da ba a cike ba, duka fari take ba su. Mai cike gurbin nan kuwa yayanta ne, malamin asibitin yankin, wanda ba ya aiko adadi sai da tsiya a ƙarshe: "Auta sarkin kwalliya, ga na yau, a rangaɗa mana." Kwana tara babu adadi, babu tsiya. Ta kira sau biyu ba a ɗauka ba, daga nan tsoro ya hana ta sake kira.

Ta zuba wa farin ido har gyangyaɗi ya ɗebe ta. Sai ga ta cikin taswirar tana tafiya ba takalmi. Ta tsallake layin iyaka, siriri kamar igiyar shanya, ta shiga farin. Ga barandar asibitin an wanke ta tas, gadaje babu kowa, zannuwa suna kaɗawa a iska. Can ƙarshe ga kujerar Yaya, ga kofin shayinsa yana tururi. Ta yi sallama, ba a amsa ba. Ta so ƙwarai ta yarda cewa lafiya ce ta kawo wannan shirun.

Ƙarar waya ta dawo da ita. Lambar Yaya ce, amma rubutun ba nasa ba ne.

"Ni ce nas ɗin da ke riƙe da asibitin. Ga adadin kwana tara: kamuwa arba'in da ɗaya, rasuwa uku. Malam yana cikin arba'in da ɗayan, yau ya fara cin abinci. Ya ce a gaya wa Auta ta rangaɗa."

Ta karanta sau uku, tana neman tabbacin a wane gurbi yake. Sannan ta zuba adadin. Farin ya rine ja wur.

Shugaba ya leƙo, fuskarsa ta canza. "Me ya sami yankin nawa?"

"Sun yi magana, yallaɓai," in ji Auta. Ta share ido da gefen mayafi, ta shiga rubuta wa Yaya amsar tsiyarsa.