Kwalba Arba'in, Litir Talatin

Shekara goma sha huɗu maigidana Malam Goni yana tuƙa wa yayana Alhaji Mansur mota, ko kallon banza bai taɓa shiga tsakaninsu ba, sai da aka sayo wadda ta iya lissafi.

Tsohuwar motar ba ta da baki. Allurar manta ta mutu tun kafin in yaye 'yata Rukaiya, sai dai Malam ya zura kara a tanki ya duba. Da ita yake kwaso gyaɗa da wake daga kasuwannin Dungas da Sassumbrum, ya kawo sito nan Magarya. Sabuwar kuwa 'yar Kwatano ce, da wani ɗan allo a bayan sitiyari mai kawo lambobi. Shi kuma Yaya ya taɓa koleji shekara biyu, bai kuwa taɓa barin kowa ya manta ba.

Ranar wata Juma'a, bayan an sauko masallaci, ya zo gidanmu. Na kawo fura, ya ce alhamdu lillahi. Nan na san da magana, don Yaya bai taɓa mayar da furata ba. Na koma madafa, na bar kunnena wurinsu.

“Goni, motar nan ta ce litir goma take sha a kilomita ɗari,” in ji Yaya.

“To, Alhaji.”

“Zagayenka na sati kilomita ɗari uku ne. Litir nawa ke nan?”

“Talatin.”

“Kai kuma arba'in kake ce mini kana zubawa. Sati shida ke nan ina zuba ido. Goman nan ina suke tafiya?”

Malam ya ce, “Kwalba arba'in nake sa mata duk sati, a teburin Isufu, inda muka saba. Da hannuna nake riƙe mazurari.”

“Na'ura ba ta da mata, ba ta da ɗiya. Me za ta yi da ƙarya?”

Ban san lokacin da na fito da ludayi a hannu ba. “Yaya, mijina kake kira ɓarawo a tsakar gidansa? Saboda gilashi ya kawo lamba?”

“Tani, ban kira shi ba. Tambaya na yi.”

Malam ya sa hannu aljihu, ya ajiye makullin a kan tabarma kusa da kwanon furar, ya tashi ya shige ɗaki. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Yaya bai ce ya mayar ba. Ɗauka ya yi, ya sa takalminsa.

Kwana tara Malam na gida. Mutumin da ya fi kowa hira a majalisar ƙofar sito, ya koma daga masallaci sai ɗaki. A garinmu kuwa magana ba ta kwana. Matan da ke zuwa sayen man gyaɗa wurina suka fara yi mini “ya haƙuri?” kamar an yi mini rasuwa. Idan sunan ɓarawon mai ya manne masa, babu mai sake ba shi ko amalanke ya tura. Ni kuwa ba zagin da ban yi wa motar nan ba, har wanda ya ƙera ta ban bari ba.

Amma zan faɗi abin da ban faɗa wa kowa ba a lokacin. Kwana ɗaya kafin rigimar, Malam ya sayo mini turmin atamfa shuɗiya, ba salla ba biki. Na yi murna har da rawa. Washegarin zuwan Yaya na ɗauko ta zan kai wa tela, sai hannuna ya tsaya. Litir goma sau shida. Na nannaɗe ta na tura ƙarƙashin akwati, na danne da tsofaffin zannuwa. A waje ina faɗa da duk wanda ya taɓa shi, a ciki ina tsoron kada su zama masu gaskiya. Wannan ya fi zagin mutane ci mini rai.

Rana ta goma na hau kabu-kabu da kwanon gyaɗata zan kai injin niƙa. A hanya mai babur ya tsaya teburin Isufu zai sha mai. Ban so tsayawar ba, na kau da kai. Sai idona ya faɗa kan kwalaben da aka jera.

Shekara ashirin ina ɗura man gyaɗa a kwalba. Ko a mafarki aka miƙo mini ɗaya zan faɗi abin da take ci. Waɗannan tsayinsu tsayin na litir ne, amma kafaɗarsu ta zube, gindinsu kuma ya lotsa ciki har ka iya ɓoye ƙwan zabo.

“Isufu, miƙo mini wannan.”

“Yaya Tani, kin sayi babur ne?”

“Miƙo dai.”

Na riƙe ta, na jinjina. Gabana ya faɗi, amma faɗuwar daɗi. Na ce wa mai babur ya juya gida, niƙa ya jira. Na ɗauko gwangwanin awona na litir, wanda na gada wurin Inna, na san kuwa in fetur ya taɓa shi ya gama aikin man gyaɗa har abada. Daga nan sai sito.

Yaya na zaune a kan buhu, motarsa na gefe tana ƙyalli, ba direba.

“Taso mu je,” na ce.

“Ina?”

“Kai da ka yi koleji, zo ka ƙirga mini uku.”

Ya harare ni, amma ya san halina tun ina rarrafe, ya san in bai taso ba a nan zan yi ta. Ya biyo ni har teburin.

Na ce Isufu ya ware kwalba huɗu, ya kawo bido, wato jarka, wanda ba kowa ciki. Na juye ta farko a gwangwani, mai ya tsaya ƙasa da baki da yatsa uku. Na cika da ta biyu, na juye a bido. Ɗaya. Na sake cikawa. Biyu. Masu babura suka fara taruwa. Na cika na uku, na kife kwalba ta huɗu a kai, ko ɗigo bai fito ba.

“Nawa ka ƙirga, Yaya?”

Bakinsa na motsi, ba da ni yake ba. “Huɗu sun ba da uku. Arba'in…” Ya cire hula ya sake sawa. “Talatin.”

Ya juya kan Isufu kamar zai cinye shi. Isufu ya ɗaga hannu biyu. “Alhaji, ni ban taɓa ce wa kowa litir ba, kwalba nake cewa. Tun da mai ya yi tsada daga ƙetare muka koma waɗannan, don kada mutane su gudu. Duk layin nan haka ne.”

“Tun yaushe?”

“An fi shekara.”

Masu babura suka ɗau hayaniya, kowa na ɗaga kwalba yana leƙa gindinta. Na bar su da shi. Na zauna a bencin Isufu, gwangwanin Inna na warin fetur a cinyata, ina dariya hawaye na zuba. Ashe motar gaskiya ta faɗa, Malam ma gaskiya ya faɗa. Tsohuwar ce ta rufa wa kwalba asiri, don ba ta iya magana ba.

Da la'asar Yaya ya tuƙo motar da kansa har ƙofar gidanmu, ya kusa ɗauke katangar maƙwabta. Ya zauna a tabarmar nan dai, ya ajiye makullin inda Malam ya ajiye shi.

“Goni, na zalunce ka. Ka yafe mini.”

“Ba komai, Alhaji. Ni ma ban taɓa dubawa ba.”

“Gobe a majalisa zan faɗa, kowa ya ji. Tani, ina furar nan?”

Na ba shi, ya shanye tas. Da zan wuce ta gefen motar na ɗan shafa ta, na ce ta yi haƙuri da abin da ta ji. Daga ranar a gidan mai suke sha, Malam yana duba allo, yana duba famfo. Wani satin allon yakan rage rabin litir, Yaya ya ce ita ma tana son yabon kanta kamar kowa.

Washegari da safe na ciro atamfar daga ƙarƙashin akwati, na karkaɗe, na sa a leda zan kai wa tela. Malam na tsakar gida yana ɗaura agogo, makulli a hannu. Ya dubi ledar, ya dube ni.

“Ashe yau ta halatta,” ya ce.

Na tsaya ƙiƙam, kunya ta rufe ni. “Ka sani?”

“Ke da ba ki iya kwana da sabon zane ba a ɗinka ba? Ladan lodin wake ne na tara.” Ya yi murmushi, ya nufi ƙofa. “Zo in sauke ki wurin telan, hanyata ce.”