Rubutun da Ba Ya Fita a Takarda

Wata huɗu na yi ina haɗa littafin ƙa'idojin aiki na kamfaninmu, don Darakta ta ce wanda ya yi shi za a ba sabuwar kujerar kula da takardu. Rubutu tsurarsa nake yi: 'yar alama a gaban kanun magana, taurari biyu a gefen kalmar da za ta yi kauri, sai manhaja ta mai da shi littafi tsaf. Akwai kuma alamar da in ka kewaye magana da ita, ba ta fitowa a takarda. Don barin tuni aka yi ta, ni kuwa nan nake sauke haushina.

Haushin na shugaban sashenmu ne, da muke kira Mai Jan Biro, wanda gudunmawarsa kaf ita ce tsayawa a kaina yana cewa a ƙara girman sunansa.

Ranar gabatarwa ya sha turare, ya dafa ƙirji a gaban Darakta.

“Ranki ya daɗe, kowane harafi da hannuna na buga shi.”

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na ƙura wa fanka ido.

“Madalla,” in ji Darakta. “Buɗe mana asalin fayil ɗin a allo, a sauya kan magana na uku.”

Sai da ya yi lalube kamar mai neman allura kafin fayil ɗin ya buɗe. Ga maganata nan ɓaro-ɓaro, kowane baƙi ya kai tafin hannu: “Wannan sashe shirme ne, shugaban sashe bai san abin da yake faɗa ba.” A ƙasa kuma: “Ko firinta bai iya kunnawa ba.”

Wani ya shaƙe da ruwa. Tsoro ya kama ni, amma wallahi daɗin ya fi. Dole yanzu ya ambaci sunana.

“Wa ya rubuta waɗannan?” Darakta ta tambaya.

Ya dube ni, ya dubi allo, ya share gumi.

“Ni ne, ranki ya daɗe. Haka nake yi wa kaina faɗa don kada girman kai ya shige ni.”

Darakta ta yi ta jinjina kai, ta ce irin wannan tawali'u ya yi ƙaranci a zamanin nan. Kafin mu tashi ta ba shi kujerar.

Aikin wata huɗu zan iya yafewa. Amma zagin nan na ɓata lokaci a kansa, kuma shi ma da sunansa ya tafi.