Makullin da Ke Aljihun Malam

Tun da Fasto ya yi ritaya ba a turo wani a madadinsa ba. Majami'u uku suka koma wuyan Malam, mai bishara, shi da tsohon babur ɗinsa. Biyu suna kusa da juna. Ta ukun tana can bayan garejin motoci, ɗaki guda mai rufin kwano, masu zuwanta ko rabin bencinan ba sa cikawa. Da dattawan ikilisiya suka zauna, suka yanke a rufe ta, mutanenta su riƙa shiga mota zuwa babbar majami'a. Malam aka ɗora wa kai saƙon.

Bai kai ba. Lahadi ta zo ta wuce, wata ta biyo ta, har ruwan sama ya kankama, bai taka can ba. A ƙa'ida ma'aikaci kaɗai ke riƙe makullin majami'a, don haka makullin yana aljihunsa, ƙofar kuwa a garƙame.

Matarsa ce ta tsinci makullin a aljihunsa wajen wanki. Ta ajiye masa kusa da kofin shayi.

"Baban yara, ko ka je ka buɗe musu, ko ka je ka faɗa musu. Wannan shirun naka ba tausayi ba ne."

Shayin ma bai shanye ba. Ranar Lahadi ya bar wa wani dattijo sujadar babbar majami'a, ya hau babur. Duk hanya yana gyara maganar a bakinsa, tana rushewa.

Tun daga kwanar gareji ya jiyo waƙa. Bakanike ne ke jan ta da muryarsa mai kama da salansar da ta fashe. Mutanen majami'ar suna zaune a rumfar shagon Tela, matar da ke ɗinki jikin majami'ar, wasu kan tsofaffin tayoyi, wasu kan jarkoki. Iya, tsohuwa mai ciwon gwiwa, tana kan kujerar keken ɗinki. A gaba an ajiye farar kujerar roba, ba kowa a kai. Malam ya san tasa ce.

"Ah, ga ɓatacce ya dawo!" in ji Bakanike. "Malam, labarin tunkiyar da ta ɓata ka karanta mana ranar ƙarshe. Kullum shi Tela ke maimaitawa. Tunkiya dai mun same ta har mun gaji, makiyayin ne muka rasa."

Aka yi dariya. Malam ya so ya yi, ta ƙi fita.

"Me ya hana ku wuce gaba a karatun?" in ji shi.

"Ka ce za ka ɗora daga nan," in ji Tela. "Ni kuma karatuna na ganin awo ne. Tsoro nake ji in shiga inda zan kasa fita."

Iya ta yi tari mai tsawo, irin wanda ke fitowa daga can ƙasan ƙirji. Malam ya ɗaga kai ya dubi rumfar. Kwanon duk huji ne, ƙasa kuma da danshin ruwan jiya. Ya tura hannu aljihu ya damƙe makullin har ya ji zafi.

"Iya, dattawa sun ce a rufe nan."

"Mun ji, ɗana. Tuntuni surukar wani dattijo ta kawo ɗinki ta fesa mana."

"Kun ji? Kuka kuma ci gaba da zama cikin ruwa?"

"To mota zan hau da waɗannan gwiwoyin? Mun ce sai mun ji daga bakinka. Kullum kuma muna sa ka a addu'a, don mun san kayan sun yi maka yawa."

Da zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi. Shi dai ya riƙa gaya wa kansa cewa babu ma'aikata, babu yadda zai yi. Ga shi sujada ba ta tsaya ba ko sau ɗaya. Abin da ya tsaya ƙofa ce, shi ne kuma ya tsayar da ita.

Ya nufi ƙofar. Kwaɗon ya yi tsatsa, makulli ya ƙi juyawa.

"Matsa, Malam, wannan ba aikin addu'a ba ne," in ji Bakanike. Ya ɗiga masa baƙin mai, ya ɗan bubbuga, kwaɗo ya buɗe.

Warin rufaffen ɗaki ya tarbe su. Mata suka shiga kaɗe bencina da gefen zane. Malam ya riƙo hannun Iya har ciki, sannan ya juya ya miƙa wa Tela makullin.

Ta ɓoye hannayenta a baya. "Ni? Ai ba ma'aikaciya ba ce ni."

"Wa ke tara su duk makonnin nan? Karɓi. Ranar Asabar zan riƙa zuwa mu bi karatun tare, ke da wannan mai muryar."

"Dattawa fa?"

"Ni zan je musu gobe. Ƙila su yi faɗa, ƙila ma su ƙi. Amma da bakina za su ji, ku ma da bakina za ku ji amsarsu."

Ta karɓa, ta ɗaure shi a jikin tef ɗin awo da ke wuyanta.

Bakanike ya shigo da farar kujerar zai kai gaba. Malam ya girgiza kai, ya zauna a benci kusa da Iya. Tela ta buɗe Littafi Mai Tsarki, ta wuce labarin tunkiya, ta ɗora yatsa kan layin da ke biye. Ta fara a hankali, tana tuntuɓe. Inda ta tsaya, Malam ya ɗago mata kalmar ƙasa-ƙasa. Iya ta sake yin tari, ya ji shi har cikin nasa ƙirjin, ya matsa ya tare mata iskar taga.